Robar da Ba Ta Kai Ƙwayar Riɗi Ba

Shekara 14 ina aikin zubin roba a wata masana'anta da ke Sharaɗa, a Kano. Bokiti, buta, baho, kujera, kwandon shara, duk sun bi ta hannuna. Ko an rufe mini ido, daga ƙarar inji kaɗai zan gane ko mol, wato mazubin ƙarfen da ake ɗura robar a ciki, ya cika ko bai cika ba. Don haka ranar da maigidanmu ya kira ni ofis ya ce in shirya zan je Jamus in dubo mana injin murfin kwalba, na ɗauka abin da na sani zan je in tarar, illa dai nasu zai fi namu sabunta da sheƙi. Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara arziki." Ya ce, "Kada ka dawo mini da labari kawai. Ka zo da farashi."

Baje kolin da ya tura ni ana kiransa K, harafin farko na kalmar roba a Jamusanci. A birnin Dusseldorf ake yinsa, sau ɗaya a shekara uku, kuma tun 1952 aka fara. Na shekarar 2022 an buɗe shi ranar Laraba 19 ga Oktoba, aka rufe ranar 26. Na tashi daga Abuja da dare, gari ya waye mini a Frankfurt, na shiga jirgin ƙasa zuwa arewa. Masauki a Dusseldorf a makon K sai mai ƙashin arziki, shi ya sa na sauka a Duisburg, gari na gaba a bakin kogin Rhine, kullum da safe in bi jirgi in shiga, da magariba in dawo. Mutanen garin suna ta cewa ba su taɓa ganin Oktoba mai ɗumi kamar wannan ba, ni kuwa rigar sanyi biyu nake haɗawa.

Kamfanoni sama da 3,000 ne suka baje kaya, baƙi kuma sun haura 170,000. Kwana biyun farko na yi aikin da aka aiko ni. Na ga injinan murfi masu zubar da ɗaruruwa a minti ɗaya, na karɓi takardu, na rubuta farashi, ƙafafuna suka kumbura. A rana ta biyu da la'asar, ina neman wurin da zan ɗan zauna, na ci karo da wani inji da bai fi firij biyu a haɗe ba. An kewaye shi da gilashi. Yana buɗewa yana rufewa a hankali, kusan ba ƙara, wani ɗan hannun ƙarfe yana shiga yana fita. Na tsaya ina jiran in ga abin da zai faɗo. Minti biyu, uku, ban ga komai ba. A zuciyata na ce nuna motsin inji kawai suke yi, ba su zuba roba ba.

Wata matashiyar injiniya da ke tsaye a wurin ta lura da ni. Ta miƙo mini wani ɗan bututun gilashi, ta ce in duba ƙasansa. Abin da na gani kamar an barbaɗa garin alli. Ta zazzage ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, hoton ya fito a allon kwamfuta, sai ga giya irin ta cikin agogo, 'yar da'ira mai haƙora, kowane haƙori a tsaye tsaf, da rami a tsakiya inda sandar juyawa za ta shiga. Ta ce nauyinta bai kai miligiram ɗaya ba. Ƙwayar riɗi tana kai miligiram uku. Ashe tun da na tsaya injin yana ta haihuwa a gabana, idona ne bai kai ba.

Ga wanda bai taɓa shiga masana'antar roba ba, aikin kamar na masu zubin tukunyar alminiyam ne: ka narka, ka zuba a mazubi, ka bari ya sandare, ka fitar. Bambancin shi ne narkakkiyar roba ba ta gudu kamar ruwa. Kaurinta kamar talge, sai an tura ta da ƙarfi. Ana zuba ƙwayoyin roba a mazurari, su gangara cikin wani bututu mai zafi, wani dogon sukuru yana juyawa a ciki yana murza su har su narke, sannan sukurun ya zabura gaba kamar sirinji ya ɗura robar cikin mol, wato ƙarfe biyu da aka sassaƙa siffar kayan a tsakaninsu. Wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, John da Isaiah Hyatt, su suka yi rajistar injin farko a 1872, sukurun kuma James Hendry ne ya shigo da shi a 1946. Har yau tsarin ke nan, daga bokiti zuwa bamban mota.

To me zai hana a ƙanƙanta komai kawai? Abin da na tambaye ta ke nan. Ta ɗauko ƙwayar roba guda daga mazurari ta ɗora mini a tafin hannu. Ƙwaya ɗaya tana kai miligiram 20 ko fiye, ta ninka kayan da ake son zubawa sau 20. Kuma dole sukuru ya yi faɗin da ƙwayar za ta shiga tsakanin zarensa, shi ya sa da wuya a yi sukurun narka roba da ya gaza milimita 14 ba tare da ya karye ko ya ƙi ɗaukar ƙwaya ba. Idan duk abin da za a ɗura a bugu ɗaya miligiram 50 ne, sukuru mai milimita 14 zai matsa wajen rubu'in milimita kawai. Kuskure kaɗan a wannan matsawa, ko dai kaya ya fito guntu, ko robar ta yi yawa ta tsatso ta gefe. Masu ƙera inji suka raba aikin gida biyu. Kamfanin Wittmann Battenfeld na Ostiriya ya bar sukuru mai milimita 14 yana narkawa, sannan wani siririn fistin mai milimita 5 ya yi turin, tafiyarsa ta ninka ta sukurun kusan sau takwas, a samu damar aunawa. Kamfanin Arburg na Jamus kuma ya haɗa sukuru biyu, babba ya narka, ƙarami mai milimita 8 ya ɗura. Injin bokitinmu yana matse mol da ƙarfin tan ɗaruruwa. Irin waɗannan tan 5 zuwa 15 ya ishe su.

Na koma masauki a daren nan da takardun farashin murfi a jaka, amma hankalina yana kan 'yar giyar nan.

Kashegari Juma'a ce. Na yi salla a babban masallacin unguwar Marxloh da ke Duisburg, mai ƙubba irin ta Turkiyya, wanda aka buɗe a 2008. Titin da ke kusa da shi cike yake da shagunan kayan amare, kamar ka shiga wani layi a Kantin Kwari. Bayan an idar, wani magidanci da ke sahu ɗaya da ni ya ga katin shiga baje koli a wuyana. Ashe shi ma K ce ta kawo shi. Baturke ne haifaffen Jamus, yana kula da ingancin kaya a wata 'yar masana'anta a kudu. Muka ci gurasa da nama a wani shago, na ba shi labarin abin da na gani jiya. Ya ce, "Ɗan'uwa, inji ka gani. Idan kana son ka ga aikin, ka zo wurinmu ranar Talata." Ya kira maigidansa a gabana, aka amince, da sharaɗin ba ɗaukar hoto.

Ranar Litinin na nufi kudu. Jirgi ya bi ta Kolon, ya wuce Karlsruhe, daga nan ƙasa ta fara tashi, muka shiga yankin da suke kira Baƙin Daji, saboda duhun itatuwansa. Duwatsu, kwazazzabai, gidaje masu dogon rufi, hazo yana kwance a kan ciyawa har hantsi. Na kwana a Freudenstadt, garin da ke da filin kasuwa mafi faɗi a Jamus. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda za ka ga ƙauye da shanu suna kiwo, a bayan coci kuma ga masana'anta mai tura kaya ƙasashen duniya. Abokina ya ce asalin abin sanyi ne. Manoman yankin idan dusar ƙanƙara ta rufe gonaki sai su zauna a ɗaki suna sassaƙa agogo, tun ɗaruruwan shekaru. Hannun da ya saba da haƙorin giya tun kaka da kakanni shi ya koma sassaƙa mol.

A hanya ya nuna mini Lossburg, inda kamfanin Arburg yake. Arthur Hehl ya kafa shi a 1923, kuma sunan kamfanin haɗi ne na farkon sunansa da ƙarshen sunan garin. Bayan yaƙin duniya na biyu suna yin fitilar walƙiya ta kyamara. Da aka kai ta ƙasashe masu laima, sai 'yan fulogin ƙarfen da ke jikinta suka riƙa zubar da wuta. Ɗansa Karl ya ga maganin shi ne a lulluɓe su da roba, amma babu inji ƙarami da zai yi wannan a kasuwa, sai ya ƙera nasa na hannu a 1954. Daga ɗan fulogin nan aka samu ɗaya daga cikin manyan masu ƙera injin zubin roba a duniya. Labarin ya zauna mini, domin mu idan ƙaramin abu ya dame mu a masana'anta, ɗaure shi muke yi da waya mu ci gaba.

Masana'antar abokina tana wani ƙauye gaba kaɗan. Ma'aikatanta ba su kai 50 ba. Kafin in shiga ɗakin zubi sai da aka sa na wanke hannu, na sa doguwar riga ta musamman, hula, safar hannu, rigar takalmi, har gemuna aka ba ni abin rufewa. Muka bi ta ƙofa biyu, ba a buɗe ta biyu sai ta farko ta rufe. Ya ce ɗakin yana matakin ISO 7, ma'ana ƙurar da ta kai rabin maikuron ba za ta wuce ƙwaya 352,000 a kowace mita guda ta iska ba, tsawo da faɗi da tsayi. Adadin ya yi mini kama da yawa, sai da ya ce iskar ɗaki na yau da kullum tana ɗauke da miliyoyi masu yawa. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum wajen maikuron 70 ne. Ramin da roba ke bi ta shiga wasu kayan nasu bai kai kaurin gashi biyu ba, don haka ƙura guda za ta iya toshe shi. A nan na ga ɗan hakin da ka raina da idona. Na tuna hunturun Kano, lokacin da muke share ƙura daga kan inji da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kai da yatsa.

Injina takwas ne a jere, mutum biyu ke kula da su. Ɗaya yana zuba giyar agogo da robar POM, mai santsi da jure gugar juna. Ɗaya yana yin wani ɗan gida na cikin na'urar taimaka wa ji da ake sa wa a kunne. Ɗaya yana yin mahaɗin wayoyi na cikin wayar hannu da robar LCP, wadda take gudu cikin siririyar hanya fiye da sauran. Na ƙarshe yana aiki da PEEK, robar da ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 343, wadda ake yin kayan da ake dasawa a jikin mutum da ita. Buhunta a kulle yake a kabad kamar zinariya.

Cututtukan aikin duk na san su, girmansu ne ya sauya. A wurinmu idan bokiti ya fito da rarar roba a baki, yaro ne zai sa reza ya kankare. A nan rarar da ba ta kai kaurin gashi ba ta kashe kayan, kuma babu rezar da za ta kama abin da ido ba ya gani. Mu muna sanyaya mol da ruwa don kaya ya sandare da wuri mu ƙara yawa. Su zafafa shi suke yi, na POM har wajen digiri 100, na PEEK kusa da 200, domin roba 'yar mitsitsiya da ta taɓa ƙarfe mai sanyi take daskarewa kafin ta isa ƙarshen rami, kamar yadda ɗigon kitse ke sandarewa a bakin tukunya alhali na ciki yana nan a narke. Ɗurawar kanta ba ta ɗaukar ko kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Akwai kuma matsalar zama. Tun da kowane bugu kaɗan yake ci, robar da ke cikin bututu tana iya daɗewa a kan wuta ta lalace. POM idan ta ƙone tana fitar da wani wari mai yaji da ke sa hawaye, wanda duk wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Sannan da yawa daga robobin nan suna shan laimar iska, sai an busar da su awanni a na'ura kafin a zuba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fitar da kaya. Bokiti nauyinsa ke faɗo da shi. Giya mai miligiram ɗaya ba ta faɗuwa. Lantarkin da ke taruwa a jikin roba, irin wanda yake sa biro ya ɗauki 'yan takardu idan an goga shi a gashi, ya fi ƙarfin nauyinta. Sai ta manne a mol, ko ta tashi ta liƙe a gilashi. Shi ya sa ɗan hannun ƙarfen nan yake tsotso kowace ɗaya da iska, ya kai ta gaban kyamara a auna, mai kyau ta bi bututu ɗaya, mai aibi ta bi wani, ana hura musu wata iska da ke kashe lantarkin. Kowane rami na mol da kwalbarsa daban, don idan rami ɗaya ya fara kuskure a san shi, kada ya ɓata sauran.

Abu ɗaya bai kwanta mini ba, na kuma faɗa musu. Robar da ke sandarewa a hanyar da ke kai wa ga ramukan ta ninka kayan kansu nauyi sau da yawa. Mu niƙa ta muke yi mu mayar cikin mazurari. Su a kayan asibiti ba a yarda a mayar ba, tara ta ake yi a sayar wa masu wani aikin. Na ga kwandon da aka cika da robar da kuɗinta zai sayi buhunan tamu masu yawa, raina ya sosu. Abokina ya ce duk sabon mol da suke yi ƙoƙarinsu a rage wannan hanya, musamman a waccan shekara da yaƙin Ukraine ya sa kuɗin wuta da na ɗanyar roba ya hau. Ban zaci zan ji Bajamushe yana kukan kuɗin wuta ba.

Bayan cin rana aka kai ni ɗakin da ake sassaƙa mol, kuma can na bar zuciyata. Wani dattijo ne ke riƙe da shi, furfura ta cika kai, tabarau biyu a wuya. Ba ya jin Turanci sosai, abokina ke yi mana tafinta. Da na shiga ya nuna mini ma'aunin zafi a bango: digiri 20. Ya ce haka yake dare da rana, rani da damina, domin duk awon ƙarfe na duniya a kan wannan zafi aka tsayar da shi. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana miƙewa wajen maikuron 12 idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Na yi lissafi a kaina. A bitarmu zafin safiyar hunturu da na tsakar rana kan bambanta da digiri 20. Ƙarfe mai santimita 10 zai sauya da maikuron 24 ke nan. Shi kuwa kuskuren da aka yarda masa a wasu wurare maikuron 5 ne. Ya ce ko riƙe ƙarfe a hannu na ɗan lokaci yana sauya awonsa, don haka idan ya gama taɓawa ajiye shi yake yi ya huce kafin ya auna.

Ya buɗo wani ɗan akwati ya nuna mini bakin yankan ƙarfe mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita. Sai da ya ɗora shi a kan baƙar takarda na hango tsininsa. Ya ce idan ya karye a cikin aiki ba ka jin ƙara, sai dai ka duba a madubi ka ga ba ya nan. Inda wannan ba zai iya shiga ba, wuta ce ke yin sassaƙar. Ana nutsa ƙarfen a cikin wani mai, a kawo wata siffa ta tagulla kusa da shi ba tare da sun taɓa juna ba, tartsatsin lantarki dubbai a daƙiƙa su riƙa gutsurar ƙarfen kaɗan-kaɗan har siffar ta fito. Wani injin kuma da waya yake yanka, wayar da ta fi gashi siranta. Ramin haƙoran giya guda yakan ci kwanaki. Ya ambaci wata dabara da aka ƙirƙiro a cibiyar bincike ta Karlsruhe a farkon shekarun 1980, mai suna LIGA, inda ake zana siffa da hasken eksire sannan a tsirar da ƙarfe a cikinta. Ya kuma ba ni labarin kamfanin Juken Kogyo na Japan, wanda a 2002 ya zuba giya mai nauyin kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Yana faɗa yana girgiza kai cikin girmamawa, kamar yadda maƙerin Kano zai yi maganar takobin da wani gwani ya ƙera.

Na tambaye shi abin da ya fi wuya a aikin. Na zaci zai ce haƙoran. Ya ce iska. Kafin roba ta shiga, ramin cike yake da iska, kuma dole ta fita. Idan ba ta samu hanya ba sai ta matsu ta yi zafi ta ƙone robar, kamar yadda injin dizal ke kama wuta ba tare da fulogi ba. Na ce wannan baƙin tabo mun san shi a gindin bokiti. Ya yi murna, ya dafa kafaɗata. Ya ce to shi sai ya sassaƙa wa iskar ƙofa mai zurfin 'yan maikuron, wadda iska za ta wuce amma roba ba za ta bi ta ba. Ta yi zurfi kaɗan, rara ta fito. Ta gaza kaɗan, kaya ya ƙone. Kwamfuta tana ba da shawarar wurin da za a sa ta, amma gyaran ƙarshe da hannu yake yi, a ƙarƙashin madubi, da ɗan tsinken katako da man goge lu'ulu'u.

A gefensa akwai yara biyu, saurayi da budurwa, ba su wuce shekara 18 ba. Almajiransa ne. A tsarin ƙasar, mai koyon sassaƙa mol yana yin shekara uku da rabi, wasu kwanaki a masana'anta, wasu a makaranta, ana biyansa, a ƙarshe ya yi jarrabawa. Dattijon ya ce watannin farko ba ya barin yaro ya taɓa inji. Zarto yake ba shi da guntun ƙarfe, ya goge har fuskarsa ta miƙe daidai. Wannan bai yi mini baƙo ba. Haka yaron maƙeri ke fara da zuga-zugi, yaron tela da gugar kaya. Abin da ba mu da shi shi ne littafin awo, da makarantar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da bita.

A jirgin dawowa na yi lissafi a bayan takardar farashi. Buhun roba mai kilo 25 yana ba mu bokiti 50 masu rabin kilo. Buhu irin wannan, in da za a zuba shi duka ba asara, giya miliyan 25 ne masu miligiram ɗaya. Mu da kilo muke sayar da roba, ribarmu tana hawa da sauka da farashin buhu da na dizal. Su kuwa ba nauyin robar suke sayarwa ba, awon suke sayarwa. Ban dawo ina mafarkin mu fara zuba giyar agogo a Sharaɗa ba. Injin da wuta za ta ɗauke masa a tsakiyar aiki, a ɗakin da ƙura ke shiga ta taga, ba zai yi wannan ba, ko da Alhaji ya saye shi gobe. Amma tsakanin bokiti da giyar agogo akwai fili mai faɗi. Akwai sirinji. Akwai 'yar robar gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake buɗewa a kowane asibiti. Akwai ɗan abin ɗigar da ruwa na bututun ban-ruwa, mai karkatattun hanyoyi a ciki, wanda manoman rani za su so a samu da araha. Kowannensu mol mai kyau yake buƙata, mu kuwa duk mol ɗinmu daga Sin ko Indiya yake zuwa, idan ya lalace walda da dutsen gurza ne maganinsa.

Na kai wa maigida farashinsa, ya zaɓi injin da zai saya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da roƙo ɗaya. A ba mu ɗan ɗakin da ke bayan bita, a sa masa silin da na'urar sanyaya ɗaki." Ya tambayi me za a sayar a ciki. Na ce ba komai, awo za a yi. Ya yi shiru, sannan ya ce in rubuto masa kuɗin.

Daga nan na wuce wurin dattijon da ke gyara mana mol, wanda ya girmi masana'antar kanta, kowa Baba yake ce masa. Na zazzage masa 'yan giyoyin da aka ba ni tsaraba a kan baƙin murfin littafi, na miƙa masa madubin hannu. Ya daɗe a sunkuye yana riƙe numfashi kada su tashi. Ya ƙirga haƙoran da leɓɓansa. Da ya ɗago bai tambayi inji ba. Ya ce, "Ɗana, wa ya sassaƙa ramin?" Na ce, "Wani tsoho ne kamarka, Baba." Na ba shi ma'aunin kauri mai nuna maikuron da na sayo da guzurina da ya rage. Ya juya shi, ya gwada a farcensa, sannan ya aiki yaro ya kwaso murfin jarka daga tsohon mol ɗinmu mai rami huɗu, goma daga kowane rami. Muka zauna a kan benci muna aunawa har aka kira la'asar. Na rami na uku duk sun fi sauran kauri da kashi biyu cikin goma na milimita, kuma shekara shida muna zuba murfin nan muna zargin masu jarka idan ya ƙi rufuwa. Baba ya yagi takarda daga buhun roba ya rubuta lambobin da fensir, ya ce gobe in zo da wuri, kafin rana ta taɓa ƙarfen.